Na tambayi rasit, aka karanta mini "kada ku taɓa shafaffuna": wa ke da iko a kan ikkilisiya?

Ma'ajin Ikkilisiya:
Salamar Ubangiji gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Na daɗe a wannan zaure ina karatu ba na cewa uffan, amma yau abin ya kai mini iya wuya. Ba zan ambaci ikkilisiyarmu ko fastonmu ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba.

Shekara 6 ke nan ina riƙe da littafin kuɗi. Ƙa'idarmu ita ce ba a taɓa kuɗin gini sai mutum biyu sun sa hannu. Wata uku da suka wuce aka fitar da wani kaso mai kauri da sa hannu ɗaya. A taron dattawa na buɗe littafin, na ɗora yatsa a kan layin da na bari fayau, na ce, "Baba Fasto, me zan rubuta a nan?" Iyakar maganata ke nan. Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur, ya buɗe Zabura 105:15 ya karanta, kada ku taɓa shafaffuna. Ya rufe Littafin, aka yi addu'ar tashi. Ran Lahadi kuwa wa'azi a kan Kora ne, yadda ƙasa ta buɗe baki ta haɗiye 'yan tawaye. Mai ɗakina tana gefena tana mintsinina kada in ɗaga kai, ni kuma ina jin idanun mutane a ƙeyata.

Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini. Idan na yi wa Allah tawaye ne, ku gaya mini in tuba. Idan kuwa ba haka ba ne, ina so in sani daga Littafi Mai Tsarki: ikon da Allah yake da shi a kan ikkilisiya, a hannun wa yake?

Matashin Mawaƙa:
Baba Ma'aji, ai amsar a fili take. Ibraniyawa 13:17 ta ce ku yi biyayya ga shugabanninku, ku miƙa musu wuya. Ba ta ce "in sun nuna rasit" ba. Ku je ku nemi gafara kawai.

Malamar Makarantar Lahadi:
Ɗana, tsaya tukuna. Ina koya wa yara cewa kada su tsinko aya ɗaya kamar mai tsinkar ganye, su kama reshen duka. Ka buɗe Zabura 105 daga aya ta 8 zuwa ta 15. Su wa ake magana a kansu? Ibrahim da Ishaku da Yakubu da zuriyarsu, lokacin suna 'yan kaɗan, baƙi, suna yawo daga wannan mulki zuwa wancan. Su wa ake ja wa kunne? Sarakuna. Aya ta 14 ta ce Allah ya tsauta wa sarakuna saboda su. Wato ayar garkuwa ce ga marar ƙarfi a gaban mai ƙarfi. Yanzu mai ƙarfi ya ɗauke ta yana kwaɗa wa marar ƙarfi a ka. Kuma a Sabon Alkawari, 1 Yahaya 2:20 ta ce wa dukan masu bi, ku an shafe ku. To wa aka taɓa, wa ya taɓa?

Matashin Mawaƙa:
Mama, to Dawuda fa? Saul yana farautarsa amma ya ce ba zai miƙa hannu a kan shafaffe na Ubangiji ba.

Ɗalibin Tauhidi:
Ɗan'uwa, ka ƙarasa labarin. A 1 Sama'ila 24, abin da Dawuda ya ƙi shi ne kisa. Bakinsa bai rufe ba. Ya fito daga kogon, ya rusuna har ƙasa, ya ɗaga ƙyallen rigar da ya yanka ya nuna wa Saul, ya ce Ubangiji ya shara'anta tsakanina da kai. Ladabi da gaskiya a numfashi ɗaya. Shi kansa Dawudan da ya zama sarki shafaffe, Natan ya shiga har fada ya ce masa kai ne mutumin.

Batun Kora ne ma ya fi ba ni mamaki. A Littafin Ƙidaya 16, Kora Balawe ne, aikin firist yake nema ya ƙwace, shi da Datan da Abiram da mutum 250. Kujera suke so, ba lissafi ba. Me Musa ya faɗa wa Ubangiji a aya ta 15? Ko jaki ɗaya ban karɓa daga wurinsu ba. Musa kuwa mutum ne da ya ba da lissafi. Ku duba Fitowa 38 daga aya ta 21: an rubuta kayan alfarwa ta hannun Itamar ɗan Haruna, zinariya talanti 29 da shekel 730, azurfa talanti 100 da shekel 1,775. Har 'yan canjin da ke sama an rubuta. Wanda zai hau kujerar Musa ya yi wa'azin Kora, sai ya fara kawo littafin Itamar.

Uwargidan Fasto:
Ina karanta ku, zuciyata tana suya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni na zauna a gidan fasto shekaru da yawa, na ga abin da dattawa suke yi. Akwai ikkilisiyar da mutum uku masu hannu da shuni suka riƙe wuyan mijina. In ya yi wa'azi a kan zina ko cin amana, albashi ya makara. In ya ƙi ɗaura auren da bai dace ba, sai takardar ƙara ta isa hedkwata kafin Lahadi. Su ma da sunan "lissafi" suka fara. Kada ku mai da kowane fasto ɓarawo. Wani lokaci kuɗin ya tafi ne wajen asibitin wani mamba da ya roƙi a rufa masa asiri. A 2 Sarakuna 12:15 ba a nemi lissafi daga masu aikin Haikali ba, domin amintattu ne.

Malamar Makarantar Lahadi:
Mama Fasto, sannu, kuma gaskiyarki a kan azzaluman dattawa, na ga irinsu. Amma ki ɗan hau sama kaɗan a wannan sura. Yehoyada ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade. In kuɗi ya taru, mutum biyu ne suke zuwa su ƙirga, magatakardan sarki da babban firist. Babban firist ma bai ƙirga shi kaɗai ba.

Tsohon Rabaran:
'Ya'yana, na yi ritaya, don haka ba ni da kujerar da zan kare. Bari in yi magana a hankali.

Kun fara daga tsakiya. Kafin a tambayi iyakar ikon fasto, a tambayi mai ikkilisiyar. Yesu ya ce zan gina ikkilisiyata, Matiyu 16:18. Tasa ce. Bayan ya tashi daga matattu ya ce an ba ni dukan iko a sama da ƙasa. Dukan iko, bai bar ɓarɓashi ba. Afisawa 1:22 da Kolosiyawa 1:18 sun kira shi kan jiki. Jiki mai kai biyu kuwa ba lafiyayye ba ne. Saboda haka duk wani iko da ke cikin ikkilisiya, na fasto ne, na dattawa ne, na babban taro ne, aro ne. Wanda ya ari abu ba ya mai da shi gādo.

Amma aron gaske ne, kada ɗalibinmu ya manta. Da Bulus ya kira dattawan Afisa zuwa Militas, a Ayyukan Manzanni 20:28, ya ce Ruhu Mai Tsarki ne ya sa ku masu kula da garken. Ba kwamiti ba, ba masu kuɗi ba. Wannan yana ba Mama Fasto gaskiya. Fasto ba ɗan ƙwadagon dattawa ba ne. A cikin ayar nan dai ya ce garken na Allah ne, an saye shi da jini. Bai yi nisa ba ya ce kyarketai za su shigo, kuma daga cikinku wasu za su tashi su ja almajirai zuwa ga kansu. Daga cikinku, wato dattawan da yake kallo ido da ido. Ya ƙare da cewa bai yi ƙyashin azurfa ko zinariya ko tufar kowa ba. Kun ga yadda naɗi da kashedi da tsabtar hannu suka zo a ƙunshi ɗaya.

Ɗana mawaƙi, ayar da ka kawo daidai ce, sai dai ka yanke ta a ƙugu. Ta ci gaba da cewa suna tsaron rayukanku kamar waɗanda za su ba da lissafi. Wannan rabin ne yake hana tsofaffi irina barci. Ni ma ina matashin fasto na taɓa rufe bakin wani dattijo da aya. Tambayarsa daidai ce, ni dai na ji kunya ne a gaban jama'a, sai na ɓuya a bayan mumbari. Ya rasu ban nemi gafararsa ba. Ba na faɗin wannan don a tausaya mini.

Ɗalibin Tauhidi:
Na gode, Baba. In ƙara da cewa kalmar da aka fassara "ku yi biyayya" a can, tushenta a Helenanci shi ne a rinjayi mutum da hujja har ya amince. Ba biyayyar soja ba ce.

Tsohon Rabaran:
Haka ne, ɗana, amma kalma ta biyu a ayar tana nufin sakin wuya, ka ba da hanya. Kada Helenanci ya zama ƙofar baya da ake zillewa. Akwai ranar da fasto zai ce ga inda za mu, ba zunubi ba ne, kai dai ba ka so, sai ka bi.

Ɗan Katolika:
Ku yi haƙuri, ni baƙo ne a cikinku, amma abin da nake gani shi ne rassa kuke sara. Kowa da Littafinsa a hannu, kowa alƙalin kansa. Fasto ya kawo aya, ma'aji ya kawo aya, wa zai raba gardama? Gobe a rabu, a kafa sabuwar majami'a a tsallaken hanya. Ubangiji bai bar mu haka ba. Baba Rabaran ya tsaya a Matiyu 16:18, ni zan ƙara aya ta 19: Bitrus aka ba mabuɗan Mulkin Sama. A Yahaya 21 shi aka ce wa har sau uku ya yi kiwon garken. Kuma tun wajen shekara ta 110, Ignatiyus na Antakiya, ana tafiya da shi Roma za a kashe shi, yana rubuta wa ikkilisiyoyi cewa kada a yi komai ba tare da bishop ba. Kafin shi ma, wajen shekara ta 96, ikkilisiyar Roma ta rubuta wa ta Koranti tana tsawata musu don sun tuɓe dattawansu. Ikon yana bin layi ne daga manzanni, kuma wanda yake cikin layi yana da na sama da shi. Fastonku wa ke sama da shi?

Ɗalibin Tauhidi:
Ɗan'uwa, tambayarka ta ƙarshe ta soki wuri, ba zan musa ba. Amma mabuɗan nan, juya shafi biyu. A Matiyu 18:18 an maimaita ɗaurewa da kwancewa, wannan karon da "ku", ga almajirai gaba ɗaya. Bitrus ɗin ma, a Antakiya da ya janye daga ci tare da al'ummai, Bulus ya tsaya masa fuska da fuska a gaban kowa, Galatiyawa 2:11 zuwa 14. A taron Urushalima, Ayyukan Manzanni 15, Bitrus ya yi magana, Yakubu ya kawo shawarar ƙarshe, manzanni da dattawa tare da dukan ikkilisiya suka zaɓi 'yan aike, wasiƙar ta ce Ruhu Mai Tsarki da mu muka ga ya kyautu. Da Bitrus ya rubuta wasiƙarsa, ya kira kansa ɗan'uwanku dattijo, ya ce kada ku nuna wa garken sarauta, ya ajiye sunan Babban Makiyayi ga Almasihu. Wasiƙar Roma da ka ambata ma ta ce ana naɗa shugabanni da yardar dukan ikkilisiya. A Titus 1:5 zuwa 7 kuwa, dattijo da mai kula, wato bishop, mutum ɗaya ake nufi.

Ɗan Katolika:
A kan Bitrus ba za mu daidaita yau ba, manyanmu ma sun yi ɗaruruwan shekaru ba su daidaita ba. Amma a kan batun Ma'aji muna tare. Tun zamanin Giregori Babba, wanda ya hau a shekara ta 590, Fafaroma yana kiran kansa bawan bayin Allah. Kuma dokokin ikkilisiyarmu na 1983 sun wajabta wa kowace farish, wato majami'ar yanki, ta kasance da majalisar kuɗi mai taimakon Fada, wato firist ɗin wurin. Ko ana bi ko ba a bi, wannan wata magana ce. Amma ba a koya mana cewa tambayar lissafi saɓo ce ba.

Mai Kula da Zaure:
'Yan'uwa, na goge saƙo biyu masu zagin ɗarika. Wanda ya sake, zan fitar da shi. Mu koma kan tambaya.

Malamar Makarantar Lahadi:
Tun ɗazu akwai wurin da nake jira wani ya kai mu, ba wanda ya kai. Muna ta gardamar wane mutum ne yake sama da wane, kamar Maigidan ya yi tafiya ya bar mana gida. Ku buɗe Wahayin Yahaya sura 1 zuwa 3. Yahaya yana tsibirin Batmusa ya ga fitilu bakwai na zinariya, su ne ikkilisiyoyi bakwai, ga Ubangiji a tsakiyarsu. Sura ta 2 ta ce yana tafiya a tsakaninsu. Yana zagayawa kamar mai gona da safe. Ga kowace ya ce na sani. Na san ayyukanki, na san wahalarki, na san inda kike zaune.

Abin da yake girgiza ni shi ne awonsa ba irin namu ba ne. Afisa tana da koyarwa daidai, ta gwada masu kiran kansu manzanni ta same su maƙaryata, ya kuwa yaba mata a kan wannan. Ku lura, yabo ne, bai ce kun taɓa shafaffe ba. Amma ta bar ƙaunarta ta farko, sai ya ce in ba ki tuba ba zan zo in kawar da fitilarki daga wurinta. Ba sarkin Roma ne zai kawar ba, shi da kansa. Tayatira laifinta shi ne ta ƙyale wata mai kiran kanta annabiya tana ɓad da mutane. Laifin shiru ke nan, kuma a kan ikkilisiya ya ɗora shi. Sardisu tana da suna wai rayayya ce, ya ce matacciya ce, sai 'yan kaɗan da ba su ƙazantar da tufafinsu ba.

Biyu ne kawai bai tsauta wa ba. Samirna, wadda take cikin talauci da tsanani, ya ce mata amma ke mawadaciya ce. Garin ne Izmir na ƙasar Turkiyya a yau, a can aka kashe tsoho Folikaf wajen shekara ta 155 don ya ƙi musun Almasihu. Sai Filadelfiya, wadda ya ce ƙarfinta kaɗan ne, amma ta kiyaye maganarsa ba ta yi musun sunansa ba. A gare ta ne ya bayyana kansa a matsayin mai riƙe da mabuɗin Dawuda, mai buɗewa ba mai rufewa. Kun ji inda mabuɗin yake har yanzu.

Lawudikiya kuwa garin masu kuɗi ne. Girgizar ƙasa ta rushe shi a shekara ta 60, suka sake ginawa da aljihunsu ba tare da taimakon Roma ba. Ikkilisiyar ta kwaso halin garin, ta ce na wadata, ba na bukatar komai. Ayar nan da muke rera wa masu sabon tuba, ga ni tsaye a bakin ƙofa ina ƙwanƙwasawa, ba ga arna aka faɗe ta ba. Ga ikkilisiya aka faɗa. Ana sujada a ciki, ana karɓar baiko, mai gidan yana waje.

Kuma kowace wasiƙa tana ɗauke da kira ɗaya: mai kunne ya ji abin da Ruhu yake faɗa wa ikkilisiyoyi. Mai kunne, ba mai kwala kaɗai ba.

Wanda Ya Gaji:
Mama, kin faɗi abin da ke raina. Shi ya sa ni shekara biyu ke nan na daina zuwa. Yesu ne kaina, ba na bukatar wani ɗan adam a tsakani. Ina addu'ata a ɗaki.

Tsohon Rabaran:
Ɗana, ba abin da ta faɗa ke nan ba. Ubangiji a tsakiyar fitilu aka gan shi. 'Yan kaɗan na Sardisu ba a ce su fice ba. Kai da ka ce shi ne kanka, kai ba ya yawo babu jiki, kuma shi ne ya ba da makiyaya da masu koyarwa, Afisawa 4:11. In ɗan'uwa ya yi maka laifi, Matiyu 18:17 ta ce ka gaya wa ikkilisiya. Wace za ka gaya wa, bangon ɗakinka? Na san an ji maka ciwo, ban raina shi ba. Amma mutumin da ba wanda zai iya tsawata masa, ko yana kan mumbari ko yana cikin ɗaki, cuta ɗaya ce take damunsu.

Wanda Ya Gaji:
Baba, maganar ta yi zafi. Zan yi tunani.

Ɗalibin Tauhidi:
Akwai wani suna da ya kamata a sani, Diyotarifis, a 3 Yahaya aya ta 9 da 10. Mai son zama na gaba, ba ya karɓar 'yan'uwa, wanda ya karɓe su kuma sai ya kore shi daga ikkilisiya. Tun manzanni suna da rai ke nan. Bulus kuma ya yi wa Korantiyawa ba'a don suna haƙuri da mai bautar da su, mai cinye su, har mai marinsu a fuska, 2 Korantiyawa 11:20. Shi da yake manzo ya ce ikon da Ubangiji ya ba shi na ginawa ne, ba na rushewa ba. Da zai kai gudummawa Urushalima bai ɗauka shi kaɗai ba, ya tafi da ɗan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa, ya ce don kada kowa ya zarge mu, muna so mu yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji da kuma gaban mutane. Sura ta 8 ke nan, daga aya ta 18.

A Jamus ma, a watan Mayu na 1934, da 'yan Nazi suka so su ɗora wa ikkilisiya shugaba irin nasu, masu bi suka taru a Barmen suka ƙi. Ɗaya daga cikin ayoyin da suka kafa hujja da su ita ce Matiyu 20:25 da 26, sarakunan al'ummai suna nuna musu iko, amma ba haka zai zama a tsakaninku ba. Ayar da ta tare gwamnati a ƙofa ita ce take tare fasto a ofis.

Uwargidan Fasto:
Ita ce kuma take tare dattawa. Kada a manta da wannan.

Ɗalibin Tauhidi:
Na amsa, Mama.

Tsohon Rabaran:
To Ma'aji, mun sha Helenanci da tarihi, bari in dawo gare ka. Tambayarka ba tawaye ba ce, ka kwanta ka yi barci. Amma ina da tawa tambayar. Wata uku tsakanin fitar kuɗin da taron. A cikin wata ukun nan, ka je ka same shi ku biyu?

Ma'ajin Ikkilisiya:
Baba, ban je ba.

Tsohon Rabaran:
Ka gaya wa wani kafin taron?

Ma'ajin Ikkilisiya:
Dattawa biyu, da mai ɗakina. Ita kuma ina jin ta gaya wa ƙawarta a ƙungiyar mata.

Tsohon Rabaran:
Ka gani. Laifi tudu ne. Ubangijin da kake neman ikonsa a kan fasto, shi ne ya shimfiɗa hanya a Matiyu 18:15: ka je ku biyu kaɗai. In bai ji ba, ka ɗauki ɗaya ko biyu. In ya ƙi, sai ikkilisiya. Kai ka bar matakin farko ka yi tsalle. Mai yiwuwa maganar ta riga ka isa kunnensa, ta zagayo ta bayan gida da ƙarin gishiri, ya shigo taron da shirin yaƙi. Wannan bai wanke shi ba. Abin da ya yi da Zabura da mumbari kuskure ne babba, don mumbari ba wurin rama gayya ba ne. 1 Timoti 5:19 da 20 ta riƙe ku duka biyu: kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, wanda kuma ya nace da zunubi a tsawata masa a gaban kowa. Aya ta farko bangonsa ce, ta biyu taka ce.

Ka je gidansa, ba ofis ba. Ka bar littafin a gida a zuwan farko. Ka fara da naka laifin. Sa'an nan ka ce masa layin nan ba za ka iya cika shi da ƙarya ba, ba za ka kuma iya barinsa fayau har abada ba. In taimakon sirri ne kamar yadda Mama Fasto ta ce, ba sai an rubuta sunan mutumin ba, dattijo ɗaya amintacce ya sani ya sa hannu na biyu.

Matashin Mawaƙa:
Baba Ma'aji, ku gafarce ni, na yi saurin baki. Amma Baba Rabaran, in ya je fasto ya sake karanta masa Zabura fa?

Tsohon Rabaran:
Sai mataki na biyu. In ikkilisiyarku tana da majalisar gunduma ko wani mai kula a sama, don irin wannan rana aka kafa su. In kuwa fasto shi ne ya kafa, shi ne shugaba, shi ne mai binciken kansa, to tambayar ɗan'uwanmu Katolika tana nan tana jiran amsa, kuma ni ba ni da mai sauƙi.

Ma'ajin Ikkilisiya:
Iyaye, na dawo bayan kwana tara. Na je ran Alhamis da yamma. Na tarar da shi a tsakar gida yana gyara ƙafar kujera. Na durƙusa na gaishe shi, na ce na zo neman gafara a kan yadda na yi da maganar, da waɗanda na gaya wa kafin in zo wurinsa. Ya daɗe bai ce komai ba, yana ta juya ƙusa a hannu. Can ya ce an gaya masa wai na ce ya sayi fili da kuɗin. Na ce ban taɓa faɗa ba. Ya ce kuɗin ya ba wani mai sayar da kwano ne kafin farashi ya tashi, mutumin ya kawo rabi ya ɓace da rabi, kunya ta hana shi faɗa wa dattawa. Ya nuna mini takarda, ta rabin kuɗin ce kawai.

Batun wa'azin Kora bai ɗago ba, ni ma ban ɗago ba. Na ce masa dole dattawa su ji, kuma gara su ji daga bakinsa. Ya ce in ba shi zuwa taron wata mai zuwa. Na ce to. Layin dai yana nan yadda yake, na sa masa alama da fensir.

Uwargidan Fasto:
Ka zauna kusa da shi ran taron, kada ka zauna a ɗaya gefen tebur.

Ɗalibin Tauhidi:
Baba Ma'aji, in ranar ta zo bai faɗa ba fa?

Ma'ajin Ikkilisiya:
Na riga na gaya masa zan buɗe littafin. Ya ce ya ji.